Shida-da-Rabi da Zannuwan Yaya

Ka san lamba nawa aka buga a kan bawul ɗin ƙarin mai na kafiretar tsohuwar motarka? In ba ka sani ba, kada ka ji kunya. A cikin direbobi goma, tara ba su ma san da zamansa ba, na gomansu kuwa ya taɓa ganinsa a tafin hannun bakanike ya ɗauka murfin kwalba ne. Amma akwai wani mutum da ya san lamba ɗaya tak, ya riƙe ta shekara talatin da ɗaya, har ta cinye masa suna.

Shida-da-Rabi ake ce masa. Garejinsa taku goma sha ɗaya ne a tsawo, bakwai a faɗi. Rufin kwano ne mai yoyo wuri uku, kowane yoyo da gwangwaninsa. A bango akwai ƙusa arba'in da biyu da sifana talatin da tara. Ukun da suka ɓata ya zana siffarsu da alli a gurbinsu, wai ko wanda ya ara zai gani kunya ta kama shi. Ba ya taɓa burki, ba ya taɓa giya, ba ruwansa da wayoyin wuta. Kafireta kawai ya sani. Ya kwance ta, ya wanke, ya busa, ya ɗaure, kuma in ka tsaya ka ƙirga, daga ɗaga bonet zuwa sauke shi minti hamsin da biyar ne, har da shan shayi.

Sunan ya samo asali ne daga wani gwangwanin madara. Maigidan da ya koya masa aiki yana da shi a kan kanta, cike da bawul ɗin ƙarin mai, kuma duk wanda ka ɗauka lambarsa shida da rabi. Ranar da ya fara ganinsu, maigidan ya ce masa wannan ake sa wa mota, bai ƙara ko kalma ba. Shi ma bai tambaya ba. Da maigidan ya rasu ya gaji gwangwanin, ya gaji lambar. Mota goma za ta shigo, tara su fita lafiya lau. Ta goman kuwa a ɗora laifinta a kan man zamani.

Abin alfaharinsa kunne ne. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya runtse ido kamar mai jin labari daga nesa. Masu mota har maƙwabtansu suke kawowa kallo. Yana buɗe ido zai faɗi ciwon, kuma sau da yawa yakan dace. Agogon awo kuwa bai taɓa mallaka ba. Cewa yake kayan kurame ne.

Mutum ɗaya ce wannan runtse ido ba ya burge ta, wato yayarsa. Shekara bakwai ta ba shi, ita ta goya shi, kuma har yau da furfura ta ci rabin gemunsa Auta take kiransa, ko a gaban wa. Yaya tana da shagon wanki da guga: injin wanki huɗu, dutsen guga shida, mata uku masu taya ta. Babban aikinta zannuwan gado ne na wani otal da ke kan tudu a ƙarshen gari, ɗari da arba'in a kowace tafiya, sau uku a mako. Da kanta take kai su, a tsohuwar akori-kura mai silinda takwas da rumfar tamfol a baya. Motar ta shekara talatin da huɗu a duniya, ashirin da biyu daga ciki a hannun Auta. Tun da ta shiga hannunsa, babu wani bakanike daban da ya taɓa leƙa kafiretarta.

A tsallaken titi kuwa, taku ashirin da shida daga ƙofarsa, an buɗe sabon gareji shekara biyu da suka wuce. Mai shi mutum ne mai tabarau da rigar aiki wadda ba a taɓa ganin maiƙo a jikinta ba. Ba su taɓa sa-in-sa ba. Kullum da safe Mai Tabarau sai ya ɗaga hannu ya gaishe shi da ladabi, kuma wannan ladabin shi ya fi ci masa rai.

Ranar Litinin da hantsi akori-kurar ta shigo da wutsiyar baƙin hayaƙi a bayanta. Yaya ta sauko, ta warware zanen gado guda, ta shimfiɗa shi a kan bonet. Daga gefe zuwa gefe akwai zane-zanen toka-toka, kamar an ja shi ta cikin murhu. Hayaƙin salansa ne yake kewayowa ya shiga ta bayan tamfol ya kwanta a kan kaya.

"Auta, zo ka karanta min wannan."

Ya zo ya duba, ya shinshina, ya fara bayanin yadda man zamani ya lalace. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta tuna masa cewa cikin wata biyar sau uku yana canja ɗan abin nan mai kama da murfin kwalba, kuma kowane karo sai ya ce an gama. Ta ce shugabar masu gyaran ɗaki ta otal ta dawo mata da zannuwa goma sha bakwai, ta kuma yi mata magana a hankali, irin hankalin da ba a yin sa sau biyu.

"Alhamis da safe zan kai kaya. In na ga baƙi ko kamar kan allura, zan tsallaka da ita can." Ta nuna garejin Mai Tabarau da haɓa. "Kuma kai za ka taya ni turawa."

Shida-da-Rabi ya dubi titin. Mai shayi yana nan, mai faci yana nan, mai wankin mota yana nan, kuma dukkansu sun san motar wace ce, sun san ƙanin wa ne shi. In ta tsallaka, ba sai kowa ya ce komai ba.

To, bari mu buɗe abin mu gani, don aikinsa bai kai girman sunansa wuya ba. Injin mota zuƙar iska yake yi. In ƙafarka ba ta kan totur, ko tana kai kaɗan, ƙofar iskar a tsuke take, don haka zuƙar tana da ƙarfi, kamar ka toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa ka ja. A cikin bawul ɗin akwai wata siririyar roba da ɗan sifirin. Zuƙa mai ƙarfi tana jan robar ta riƙe bawul a rufe, mota na tafiya da man da ta saba. Ka taka totur don hawa tudu ko wuce wata mota, ƙofar iska ta wangale, zuƙar ta faɗi, sifirin ya yi nasara, bawul ya buɗe ya ƙaro mai daidai lokacin da injin ke neman ƙarfi. Lambar da aka buga a kansa ita ce matakin da zuƙar za ta sauko kafin ya buɗe. Shida da rabi yana buɗewa da wuri, huɗu da rabi sai an ƙara takawa, biyu da rabi kuwa sai ƙafa ta kusa kai ƙasa.

Duk wannan Shida-da-Rabi ya san shi a hannu. Abin da ya yi imani da shi kawai shi ne, in mota na hayaƙi to robar ce ta fashe, wataƙila injin ya yi atishawa ta kafireta ya yaga ta. Don haka ya wanke hannu ya nufi kantin kayan gyara neman na huɗu.

Mai kantin mace ce mai yawan shiru, ta gaji kantin daga mijinta, kuma ta san gurbin kaya dubu ba tare da ta duba takarda ba. Injiniya take ce masa, shi kuma har yau bai tabbatar ko girmamawa ce ba. Da ya faɗi abin da yake so ba ta motsa ba. Ta tambaye shi ko na motar Yaya ne kuma. Ta tambaye shi ina tsofaffin ukun. Suna cikin aljihunsa, don ba ya yar da komai. Ta ɗauko wani ɗan famfon hannu, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne robarsa ta ja ta riƙe.

"Injiniya, uku ka kashe, kuma duk ukun da ransu. Lamba nawa injin yake zuƙa a silo, in motar na tsaye ba a taka totur ba?"

Ya ce kunnensa ya gaya masa lafiyarsa ƙalau. Ta ce ba ta ƙi ba, amma lamba nawa kunnen ya ce, goma sha uku ko tara? Ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta fito da agogon awon zuƙa da tiyonsa, ta ce aro ne. Ta ce ya bar injin ya yi zafi, ya karanta allurar a silo, ya raba biyu, abin da ya fito shi ne lambar da zai fara da ita. Ya karɓa da yatsa biyu. A bakin ƙofa ya naɗe shi a tsumma, ya tura cikin riga, ya bi ta bayan layi don kada ya wuce gaban Mai Tabarau.

Ya ja ƙofar gareji rabi, abin da bai taɓa yi da rana ba. Ya tada motar, ya jira minti goma sha biyu, ya soka tiyon a ƙasan kafireta. Allurar ta hau, ta yi 'yar rawa, ta tsaya a tara. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Tara. Ya kashe ya sake tadawa. Tara ɗin dai.

Ya zauna a kan tsohuwar taya. Shida da rabi rabin goma sha uku ne, kuma lallai motar Yaya ta taɓa zuƙar goma sha uku lokacin da take da ƙuruciya. Injin ya tsufa a hankali, numfashinsa ya ragu, shi kuwa yana ta sa masa bawul ɗin saurayi. Da zarar Yaya ta ɗan taɓa totur a shimfiɗaɗɗiyar hanya, zuƙar ta sauko ƙasa da lambar, bawul ya buɗe yana ta ɗura mai ba gaira ba dalili. Ya kwance fulogi takwas ɗin ya jera su a kan benci. Duk takwas baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Tara a raba biyu huɗu da rabi ne, ko ɗan firamare ya sani. Amma Shida-da-Rabi ya yi nasa lissafin. Hayaƙi ne abokin gaba, kuma kwana uku gare shi. Me zai sa ya tsaya a tsakiya? Ya koma kanti ya ce a ba shi biyu da rabi. Mai kanti ta dube shi ta saman ido, ta ba shi, ta kuma ajiye huɗu da rabi a gefen kanta ta ce zai jira shi, ba inda za shi.

Ya kwance noti huɗu na kwanon man kafireta, ya ɗaura sabon bawul da sabon zoben hana yoyo, ya goge fulogi takwas. Washegari da safe ya fita gwaji kamar yadda ya saba shekara talatin da ɗaya: shi kaɗai, baya ba kaya, ƙafa har ƙasa. Motar ta haye tudun otal kamar an kore ta. Ya leƙa madubi sau tara, babu hayaƙi. Ya dawo yana fito.

Talata da yamma Yaya ta dawo daga karɓo zannuwa masu datti. Ba ta sauko ba. Ta zuge gilashi kawai ta gaya masa cewa hayaƙi kam ya tafi, Allah ya saka masa da alheri, amma ya tafi da motar. Ta ce tun daga gindin tudu take shaƙewa, tana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, tana rarrafe. Ta ƙirga motoci goma sha huɗu a bayanta suna hon. Wani mai keke ya wuce ta, har ya waiwayo ya yi mata sannu. Kuma wannan da 'yan kwanduna ne kawai na gogaggun tawul, ba cikakken kaya ba.

Ya rantse shi da kansa ya hau tudun nan da safe. Ta ce to ai ba shi zai kai kaya ranar Alhamis ba. Ta zuge gilashinta. Da za ta fita sai da ta ɗan tsaya a tsakiyar titi, hancin motar yana kallon tsallake, kafin ta karya kan ta tafi.

Maganarta ce ta kwana masa a kai. Ba shi zai kai kaya ba. Laraba da sassafe ya samo tiyo mai tsawon kamu shida, ya zaro shi ta gefen bonet, ya shigo da shi ta taga, ya ɗora agogon a cinyarsa. Ya roƙi Yaya ta loda kaya cikakku, ɗari da arba'in, ta tuƙa kamar kullum, shi zai zauna a gefe. Ta ce tun da ta haddace hanyar nan ba ta taɓa ɗaukar fasinja mai gemu da agogo a cinya ba, amma ya shigo, kada dai ya taɓa mata rediyo.

A nan ya ga abin da shekara ashirin da biyu bai gani ba. Yaya gajeriya ce. Matashin kai biyu take sawa, ɗaya a ƙasa ɗaya a baya, kuma da kan babban yatsa take taɓa totur. Ko ta miƙe iya miƙewa, ƙafarta ba ta kai shi ƙasa. Ya mai da ido kan allura.

A silo tara. Da suka kama miƙaƙƙiyar hanya da kaya a baya, allurar ta zauna tsakanin shida da bakwai tana kai da komo, daidai kan tsohuwar lambarsa. A gindin tudu ta sauko biyar, ta sauko huɗu, ta maƙale a uku da rabi. Nan ƙafar Yaya ta ƙare. Biyu da rabi na can ƙasa yana jiran ƙafar da ba za ta taɓa isowa ba, injin kuwa sai ƙarar tsakuwa yake yi don ƙishirwa.

"Yaya, ƙara takawa."

"Da wace ƙafar? Ta aro?"

"To zo mu matso da kujerar."

"Kujerar da ka ce min za ka gyara tun auren babbar 'yarka? Ta ci tsatsa, Auta. Ka gyara motar daidai ni, ni ba zan ƙara tsawo ba."

Suka haye da ƙyar. Ya rubuta lambobin a bayan hannunsa da biro: tara, shida zuwa bakwai, uku da rabi. Abin da ake nema bawul ne da zai yi shiru a shida, ya farka kafin uku da rabi. Ko ta ina ya juya lissafin, wuri ɗaya yake sauka.

Ya sake komawa kanti. Yana shigowa mai kanti ta tura ɗan kwalin huɗu da rabi da yatsa ɗaya zuwa bakin kanta, ta ci gaba da jera bel. Ya tsaya yana juya shi a hannu, ya ce dama jiya gwaji yake yi, don ya ga iyakar abin. Ta ce ai ta sani, injiniyoyi haka suke.

Noti huɗu, sabon zobe, fulogi takwas a sake dubawa. Wannan karon minti saba'in ya ɗauka, don sai da ya karanta lambar sau uku a hasken ƙofa. Ya so su sake fita gwaji da yamma, Yaya ta aiko cewa guga ya sha kanta, gwajinsa gobe ne, a gaban mai otal.

Alhamis ƙarfe bakwai da kwata yana ƙofar shagon wanki. Matan uku suka loda kaya, ƙunshi goma sha huɗu, kowanne zane goma. Yaya ta ɗauko farar rigar matashi sabuwa fil, ta ɗaure ta a bakin tamfol ta baya, daidai inda hayaƙin ya saba shigowa. Ta ce wannan ce alƙali. Ya shiga gefe da agogonsa.

A miƙaƙƙiyar hanya allura ta zauna a shida da ɗoriya. Ya leƙa madubin gefe, iska ce kawai. A gindin tudu ya zuba wa allura ido. Biyar da rabi. Biyar. Huɗu da rabi. Sai ya ji shi, ba ma a kunne ba, a bayansa, kamar wani ya sa tafin hannu ya tura motar. Muryar injin ta yi kauri, tsakuwar ba ta zo ba. Allura ta sauka uku da rabi ta zauna, motar na ta hawa da kan yatsan Yaya. Suka wuce wata motar ƙasa. Yaya ta yi mata hon sau biyu, ba don ta tare hanya ba.

A ƙofar baya ta otal ta sauko ta kwance rigar matashin. Ta ɗaga ta a rana, ta juya, ta shinshina, ta duba ɗinkin gefe. Shugabar masu gyaran ɗaki ta fito ta buɗe ƙunshi uku daga na bakin tamfol, ta warware zane ɗaya-ɗaya, ta sa hannu a takarda, ta ce sai Asabar.

A hanyar dawowa Yaya ba ta yi maganar mota ba. Ta yi maganar tsadar sabulu, da ciwon gwiwarta, da yadda matarsa ta rame. Da suka shigo layinsu Mai Tabarau yana bakin ƙofarsa, ya ɗaga hannu. Yaya ta rage gudu, ta amsa gaisuwar da kyau har da tambayar iyali, Shida-da-Rabi yana zaune yana kallon agogon da ba abin da zai ƙara gaya masa. Sannan ta karya kan motar hagu, ta shige garejin ƙaninta, ta ja burkin hannu.

"Tana ɗan rawa a silo," in ji ta. "Ka duba min kafin Asabar. Kuma ka ci abinci, duk ka zama wani iri."

Ya ɗauko sukundireba. Ya kai ƙotar rabin hanya zuwa kunne, ya tsaya, ya fara soka tiyon tukuna.

In kana da tsohuwar mota mai irin wannan kafireta, don Allah ka gwada wannan makon. Ari agogon zuƙa, bar injin ya yi zafi, ja burkin hannu, soka tiyon a ƙasan ƙofar iska, karanta a silo ka raba biyu. In ya faɗa kan cikakkiyar lamba, sauko da rabi. Sannan ka loda kayan da ka saba ɗauka, ka ba wanda ya saba tuƙa ta sitiyari, ka zauna a gefe ka rubuta lamba uku: ta tsaye, ta miƙaƙƙiyar hanya, ta tudu. Minti arba'in ya ishe ka.